Akwatin hotunan mahaifiyata na lalacewa, ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifiyarmu akwatin hotunan gida ya dawo hannuna, da yake ni ce babba. Ina buɗe shi wari ya buge ni. Wasu hotunan sun manne da juna, masu kala sun koma jajaye, ga albam guda biyu irin masu gam a jikin shafi da leda a sama, sai ambulan cike da nagetif. Ƙanena ya ce a kai a yi musu lamineshin, ƙanwata kuma ta ce a ɗauke su da waya a zubar da takardun. Da yawa daga mutanen da ke ciki ban san su ba, sai dai goggonmu, ita ma ta tsufa. Ga kuma hotunan yarana sama da 8,000 a wayata, alhali na taɓa rasa na wata wayar da ta faɗa ruwa. Ina so jikokina su ga waɗannan fuskokin. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya ba ku haƙurin rashinta.

Shawarar ƙanenki da ta ƙanwarki duk ki ajiye su gefe. Za mu zo kan dalili. Amma kafin nan, ki lura da abin da ya fi gaggawa a cikin wasiƙarki, don ba akwatin ba ne. Hoton da ya yi shekara 40 a akwati zai iya jiran wata biyu. Goggo da wayarki ne ba su da tabbacin jira. Saboda haka da su za ki fara.

Ki ware hotunan da ba su manne ba, ki ɗebi kamar 30 zuwa 40, ki je wurin goggo. Kada ki kai mata akwatin gaba ɗaya, tsoho na gajiya, kuma idan fuskoki suka yi yawa sai sunaye su fara cakuɗewa. Ki rubuta lamba a bayan kowane hoto da fensir, ki kunna abin naɗar murya na wayarki, ki riƙa faɗin lambar da babbar murya kafin ki miƙa mata: "hoto na 17." Ta haka duk wanda ya saurari muryar daga baya zai san wane hoto ake magana a kai. Tambayoyin kuwa huɗu ne: su waye, daga hagu zuwa dama, a ina ne, wace shekara, ko kusa da wane abu da ya faru, mene ne dalilin taron. Idan ta kauce ta shiga labari, ki ƙyale ta, sau da yawa a nan ne amfanin yake. Idan ta ce "ina jin wance ce," ki rubuta sunan da alamar tambaya a gabansa. Zato da aka rubuta kamar tabbas, bayan shekara 20 babu mai iya gyara shi.

Wajen rubuta sunaye akwai kuskuren da kusan kowa ke yi: a rubuta "Baba da Kawu." Baban wa? Jikarki da za ta ɗauki hoton a 2070 tana da nata Baban da nata Kawun. Ki rubuta cikakken suna, da sunan da aka fi sanin mutum da shi, da dangantakarsa da wani wanda ke cikin hoton.

Fensir mai laushi za ki nema, wanda aka rubuta 4B ko 6B a jikinsa. Ki kifa hoton a kan teburi mai tauri da tsafta, ki yi rubutun kusa da gefe, hannu a sake, don kada sawun rubutun ya fito ta fuska. Biro ba ya cikin wannan aiki: bakinsa na huda takarda, tawadarsa na ratsowa, kuma idan aka jera hotuna tana shafar fuskar wanda ke ƙasa. Za ki tarar fensir ba ya kama bayan yawancin hotuna masu kala, saboda tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara lulluɓe takardar hoto da siririyar roba gaba da baya. Irin waɗannan ki saka kowanne a ambulan ɗinsa, ki yi rubutun a jikin ambulan kafin ki saka hoton.

A daren da kika dawo daga wurin goggo, ki haɗa wayarki da kwamfuta da igiyar caji, ki kwafe duk hotunan da muryar da kika naɗa. Ko ba ki tsara komai ba tukuna, a ce dai suna wuri biyu. Sauran bayanin waya yana ƙasa.

Yanzu akwatin. Zai taimaka ki san abin da kike riƙe da shi. Hoto ba takarda ba ce da aka shafa wa tawada. Takardar gindi ce kawai. A samanta akwai wani siririn shafi na jelatin, wani abu mai kama da busasshen gam marar kala, kuma a cikin jelatin ɗin ne surar take. A hoto baƙi da fari, ƙananan ƙwayoyin azurfa ne suka yi surar. A mai kala kuwa rini ne kala uku a jere: shuɗi mai ratsin kore, ja mai ratsin shunayya, da rawaya. Duk matsalolin da kika lissafa daga nan suka taso. Jelatin na shan laima ya kumbura ya yi danƙo, shi ya sa hotuna ke mannewa da juna ko da gilashi. Abinci ne kuma ga funfuna, da asu, da kyankyaso. Jan da kika gani a masu kala, rinin shuɗin ne ya riga sauran biyun mutuwa, sai ja ya rage. Wannan na faruwa ko a cikin duhu, zafi ke hanzarta shi, kuma ba a dawo da shi a jikin takardar. A kwamfuta kaɗai ake iya gyara kalar. Idan kuma kika ga wani sheƙi kamar madubi a wurare masu duhu na tsofaffin baƙi da fari, azurfar ce ta taso sama saboda laima da gurɓatacciyar iska. Kada ki goge shi, sura ce za ki goge.

Ƙa'ida ɗaya ce za ta raba ki da yawancin ɓarna: duk abin da ba za a iya warware shi ba, kada a yi wa hoton asali. A kan wannan ma'auni lamineshin ya faɗi. Injin na haɗa zafi da gam ya narka roba a kan fuskar hoton. Ranar farko yana kyau. Bayan shekaru robar na yin rawaya, tana kumfa, iska mai laima na shiga ta gefe ta maƙale a ciki, kuma ranar da aka so cire ta, da fuskar mutumin za ta taso. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Haka salatif, da gam na ruwa, da fil, da ƙarfen maƙale takardu mai yin tsatsa, da robar ɗaure kuɗi, wadda ke narkewa ta manne kuma sinadarin da ke cikinta na ɓata azurfa. Idan ƙanenki yana son hoto mai lamineshin a aljihunsa, a buga masa kwafi a yi wa kwafin.

Ki shimfiɗa farin zane mai tsafta a kan teburi, a inuwa, inda iska ke shiga. Ki wanke hannu da sabulu ki busar sosai, ba mai, ba turare. Ki riƙa kama hoto ta gefe-gefe. Sawun yatsa a kan jelatin da farko ba a ganinsa, sai bayan shekaru ya fito kamar tambari. Safar hannu ta roba marar hoda, irin ta asibiti, ta fi ta auduga, don ta auduga na sulɓi kuma tana kama gefen hoton da ya tsage. Ga nagetif kuwa safar dole ce.

Warin da ya buge ki alamar funfuna ce. Ki sa takunkumin fuska, ki ware duk wanda kika ga farin gari ko ɗigo-ɗigo baƙi ko kore a jikinsa, ki baza su fuska sama a inuwa na kwana biyu ko uku su bushe. Idan funfunar ta bushe ta zama gari, sai ki kaɗe ta a waje da buroshi mai laushi ƙwarai, irin na kwalliya sabo, daga tsakiya zuwa gefe. Idan kin ga tana shafewa kamar maiƙo, ba ta bushe ba, ki dakata. Kada ruwa ya taɓa hoton da funfuna ta ci, domin ta riga ta raunana jelatin ɗin, ruwa na zuwa surar za ta narke. Tabon da ta bari ba ya fita. Akwatin kansa, idan na kwali ne ko mai shimfiɗar yadi, kada hotunan su koma cikinsa.

Waɗanda suka manne da juna su ne ke buƙatar haƙuri. Kada ki ɓamɓare su a bushe. Za ki ji ƙara kaɗan, ki tarar rabin fuska ya koma bayan ɗayan. Da farko ki ɗauki hoton wanda ke sama da waya, ko da abin ya ɓaci kin tsira da guda. Sannan ki duba nagetif ɗinki a haske, watakila hotunan da suka mannen suna ciki, kin ga wahala ta ƙare. Idan babu, kuma hotunan irin masu santsin baya ne na roba, babu funfuna, babu rubutun tawada, ana iya jiƙa su a ruwa mai tsafta mai sanyi na minti 20 zuwa 30, a gwada zame su a hankali a cikin ruwan. Idan sun ƙi, a ƙara lokaci kaɗan, kada a ja. Da sun rabu a shanya su fuska sama a kan tawul mai tsafta, ba rana, ba na'urar busar da gashi, ba dutsen guga. Ki fara gwadawa da ɗaurin da bai dame ki ba. Wannan dabara ba ta hoton Polaroid ba ce, wato irin wanda ke fitowa daga kyamara nan take, ba ta wanda aka buga da firintar tawada ba, ba ta tsoho mai kalar hannu ba. Idan kuwa ɗaurin ya ƙunshi hoto guda tilo na kakanki, ki bar shi a yadda yake, ki nemi masu gyaran takardu da hotuna a gidan tarihi ko ma'adanar takardu. Wanda ya manne da gilashin firam ma haka: kada a ja shi, a yi sikanin ɗinsa, wato a kwafe shi zuwa kwamfuta da na'urar sikana, ta cikin gilashin, a ajiye su tare.

Albam ɗin nan masu gam sun yaɗu a shekarun 1970 da 1980, kuma suna cikin mafi munin wurin da aka taɓa ajiye hoto. Gam ɗin na yin ruwan ƙasa ya bar layi-layi a bayan hoto, ledar saman kuma sau da yawa tana manne wa fuska. Kafin ki taɓa komai ki ɗauki hoton kowane shafi yadda yake, domin jerin da mahaifiyarki ta yi shi ma labari ne, ita ta san dalilin da ta sa wane kusa da wance. Sai ki ɗaga ledar a hankali. Wasu hotunan za su faɗo da kansu, gam ɗinsu ya mutu. Waɗanda suka kama, ki samo zaren sakacen haƙori marar kakin zuma, ki zura shi ƙarƙashin kusurwa ɗaya, ki riƙa ja hagu da dama kamar zarto, zaren a kwance. Wanda ya ƙi, ki bar shi a shafinsa ki yanke shafin. Bayan waɗanda kika cire zai kasance da sauran danƙo, don haka kowanne ya shiga rigarsa shi kaɗai, kada bayansa ya taɓa fuskar wani. Amma idan akwai tsohon albam mai rubutun hannu a ƙarƙashin hotuna, wannan ba a wargaza shi. Sai dai a sa farar takarda marar asid, wato marar sinadarin tsami mai cin hoto, tsakanin shafuka.

Ledar da za ki saya ba kowace ba ce. Uku ne amintattu: foliyesta, da wadda ake wa alamar PP, da mai alamar PE. Wadda za ki guje wa ita ce PVC, mai lamba 3 a cikin alamar nan mai kusurwa uku. Ana gane ta da ƙarfin warin sabuwar roba da kuma taushi mai maiƙo. Da daɗewa tana fitar da sinadarin da ke manne wa hoto. Kalmar "marar asid" a jikin kwali ba ta isa hujja ba, kowa na iya bugawa. Abin nema shi ne a ce kayan sun ci gwajin PAT, wato gwajin da ake yi wa duk abin da zai taɓa hoto, mai lambar ISO 18916. Idan ba ki samu ba, farar takarda mai kyau marar rubutu da kika naɗe kamar ambulan ta fi jarida, ta fi ambulan mai ruwan ƙasa nesa ba kusa ba. A wuri mai yawan laima ma takarda ta fi leda, don leda na riƙe damshi har fuska ta manne mata.

Inda za a ajiye su ya fi abin da aka saka su a ciki muhimmanci. Masu adana hotuna na neman zafin da bai wuce digiri 21 ba, da laima tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Da laima ta haura 65, funfuna ta samu wurin zama. Ga hoto mai kala, duk raguwar zafi da digiri 5 ko 6 na kusan ninka tsawon ransa. Ba kowane gida ke iya kaiwa waɗannan lambobi ba, kuma ba laifi. Ki nemi wuri mafi sanyi da bushewa da kike da shi, wanda yanayinsa ba ya hawa da sauka, domin kumbura da motsewar kullum ita ke sa hoto ya naɗe ya tsage. Wato kabad a ɗakin tsakiyar gida, nesa da bangon da rana ke duka, nesa da banɗaki da kicin, ba a saman kabad kusa da rufi ba, ba a ƙasa ba. Ki ɗaga akwatin aƙalla santimita 15 daga daɓe, saboda ranar da ruwa zai shigo ba ya sallama. Akwatin roba mai murfi da ke rufuwa ruf yana tare ƙwari da ƙura, da sharaɗin hotunan sun bushe sarai kafin a rufe. Ki jefa ƙunshin silika, ƙwayoyin nan masu shan laima, guda uku ko huɗu a gefe, ba a kan hoto ba. Akwai mai canza kala daga ruwan lemo zuwa kore idan ya ƙoshi. Sai a gasa shi a obin a digiri 120 na awa biyu ya koma aiki. Kafur da maganin feshi kada su shiga akwatin. Ƙananan hotuna a jera su a tsaye kamar kati, ba a matse ba, ba kuma a sake har su lanƙwashe ba. Manya a kwantar. Ki riƙa buɗewa sau biyu a shekara, sau ɗaya a tsakiyar damina.

Na bango kuwa, haske na cin hoto a hankali, ba ya kuma mayarwa. Ki buga kwafi ki rataye, na asali ya koma akwati.

Nagetif ɗin nan kada kowa ya zubar. Shi ne uwar hoton, kuma bayanin da ke cikinsa ya fi na takardar da aka wanke daga gare shi. Kada a yanka shi guda-guda, a bar shi a tsawonsa, kowane zube a rigarsa. Ki shinshina ambulan ɗin: idan kin ji tsami kamar na ruwan kal, robar fim ɗin ce ta fara ruɓewa, kuma tururin na harbin na kusa da shi. Ki ware su, su ne farkon shiga sikana. Idan kuma akwai tsoho ƙwarai da aka rubuta NITRATE a gefensa, irin wanda aka daina yi a farkon shekarun 1950, yana kama wuta da sauƙi, ki nisanta shi da zafi da sauran hotuna.

Yanzu maganar ƙanwarki. Rabin shawararta daidai ne, a kwafa. Zubarwar ce kuskure. Takardar hoto ba ta buƙatar caji, ko kalmar sirri, ko manhaja. Ido kawai take so. Akwai hotunan ƙarni na 19 da ake kallo har yau, alhali faifan kwamfuta na shekarun 1990 sai an sha wahala kafin a sami injin da zai karanta shi. Takarda da kwafi kowanne na tsaron ɗan uwansa.

Sikana mai gilashi a kwance ita ce ta aikin, ba mai zuƙar takarda ba, wadda ke iya karce tsohon hoto. Ki goge gilashin da ƙyalle mai laushi. Ki sa ta a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci. Hoto mai inci 4 da 6 zai fito da fiksel 2,400 da 3,600, ya isa a buga shi ninki biyu na girmansa ba tare da ya dushe ba. Ƙananan irin na fasfo a sa 1,200. Nagetif na milimita 35 yana son sikana mai fitila a murfi, da 2,400 zuwa 3,200. Ki yi sikanin da kala ko da hoton baƙi da fari ne, ki kashe duk gyaran da injin ke yi da kansa, ki bar gefen hoton ya fito. Duk mai rubutu ko tambarin mai hoto a baya, a yi wa bayan ma. A ajiye fayil na asali a tsarin TIFF, wanda ba ya rage komai daga ingancin hoton; kowanne zai kai megabait 26, hoto 1,000 ke nan gigabait 26. Daga shi a fitar da JPEG, wato ƙaramin fayil ɗin hoto irin na waya, don rabawa. JPEG na rage inganci duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa, shi ya sa ba a aiki a kan na asali.

Idan sikana ba ta samu ba, waya ma ta yi, in an bi ta da kyau. A kwantar da hoton kusa da taga inda haske yake amma rana ba ta faɗa kai, a kashe fitilar kyamara, a goge idonta, a riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba. Manhajar PhotoScan ta Google na ɗaukar hoto daga kusurwa huɗu ta haɗa don kawar da ƙyalli, tana da amfani ga masu sheƙi da na cikin firam.

Wani abin lura: manhajojin da ke "gyara" tsohon hoto da ƙirƙirarriyar basira ba dawo da fuskar suke yi ba, ƙirƙiro ta suke yi daga fuskokin wasu. Ido zai fito tar, amma ba lallai idon kakarki ba ne. In an yi don nishaɗi, a rubuta a sunan fayil ɗin cewa gyararre ne, kada ya maye gurbin na gaskiya.

Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan bayani da lamba: 1987-03-14_auren-wane-da-wance_017. Haka kwamfuta za ta jera su bisa tarihi da kanta. Lambar ƙarshe ta zama ita ce ta bayan takardar, ita ce kuma ta cikin muryar goggo. Ki buɗe fayil ɗin rubutu guda a cikin foldar, ki zuba cikakken bayanin kowace lamba, ki kuma buga shi a takarda ki sa a akwatin.

Ajiyar kwafi tana da tsohuwar ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gida daban. A aikace: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje wanda ake jonawa ta USB, ɗaya a ma'ajiyar intanet ko a faifai na biyu a gidan ƙanwarki. Hotunan wayarki 8,000 za su kai kimanin gigabait 25 zuwa 30, don haka faifai mai terabait 1 ya ishe ki har da na akwatin da bidiyo. Filas da katin memori na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba na ajiyar shekaru ba. In sun daɗe ba wuta suna iya zubar da abin da ke ciki, ga saurin ɓata. Faifan waje ma yana mutuwa ba gargaɗi. Ki jona shi sau ɗaya a shekara ki buɗe hotuna daga foldoji daban-daban ki ga suna buɗuwa, kuma duk shekara biyar ki kwashe zuwa sabo.

WhatsApp da Facebook ba ma'ajiya ba ne. Suna matse hoto su rage girmansa, suna kuma cire bayanan ranar ɗauka da ke ɓoye a cikinsa. Idan za ki tura wa 'yan uwa ta WhatsApp, ki tura ta wurin da ake tura takardu, a nan ne fayil ke tafiya yadda yake. Ma'ajiyar intanet kuma tana da tarkonta guda uku. Na farko, Google na ba da gigabait 15 kyauta wanda Gmail ma ke ci daga ciki, iCloud na kamfanin Apple kuma 5. Da ya cika sai kwafin ya tsaya, mutum na zaton ana yi. Na biyu, wayar da ma'ajiyar a haɗe suke, abin da kika goge a nan yana gogewa a can, sai dai ya ɗan zauna a kwandon shara na wasu makonni. Na uku, kamfani na canza doka ko ya yi asara: a 2019 shafin sada zumunta na Myspace ya sanar da ɓacewar abubuwan da mutane suka ɗora na shekaru masu yawa, a shekarar kuma shafin ajiye hotuna na Flickr ya taƙaita asusun kyauta zuwa hoto 1,000. Google ma tun Disamban 2023 yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Wannan na ƙarshen ya shafi burinki kai tsaye, tunda jikoki kike nufi. Hoton da ke bayan kalmar sirrin da mai ita kaɗai ya sani, ya tafi tare da shi. Google na da tsarin da za ki zaɓi mutanen da za a miƙa wa hotunanki idan asusun ya yi wata 3 zuwa 18 shiru. Apple ma na da nasa na magajin asusu, wanda ke neman mabuɗi na musamman da takardar shaidar rasuwa. Ki saita shi, ki kuma rubuta a takarda inda kowane kwafi yake, ki ba mutum biyu da kika amince da su.

Sai magana mai ɗan ɗaci: babu jikan da zai zauna ya kalli hoto 8,000. Hoton fuskar waya, da na rasit, da guda tara na tsayuwa ɗaya, duk suna binne na kirkin. Ki zaɓi 50 zuwa 100 a kowace shekara, ki kai a buga su a takardar hoto ta gaske, ko da firinta mai tawadar gari wadda ta fi ta rini jure haske, ki rubuta sunaye yadda muka faɗa. Na akwatin ma ba duka ke buƙatar sikanin ba. Ki fara da 200 mafi daraja, da waɗanda suka fi lalacewa.

Hotunan da suka zo biyu-biyu ki raba wa ƙannenki, kowa kuma ya sami faifansa na kwafin gaba ɗaya, har da muryar goggo. Wannan na kashe gardamar wa zai riƙe akwatin, yana kuma nufin gobara ko ambaliya a gida ɗaya ba za ta cinye komai da komai ba. Kafin a ɗora hoton wani a intanet, a tambaye shi ko 'ya'yansa.

Idan kuma wata rana ruwa ya shiga akwatin duk da haka, kina da kamar awa 48 kafin funfuna ta fara. Ki raba hotunan tun suna jiƙe, ki ɗauraye laka da ruwa mai sanyi ba tare da shafa fuskar ba, ki baza su fuska sama, fanka na kaɗa ɗakin. In sun fi ƙarfin wurin shanya, ki sa takarda mai kakin zuma tsakaninsu, ki zuba a leda ki saka a firiza; ƙanƙara na tsayar da ɓarnar, sai ki riƙa fito da su kaɗan-kaɗan kina busarwa.